Amsa: bango yana jiƙa, famfo kuma ba ƙarfi

Malam, ka ce bangon banɗakinku ya fara tsatsafo, ruwan famfo kuma ya rage ƙarfi. Kada ka yi saurin fasa bango tukuna.

Da daddare ka cika tankin sama, ka rufe duk famfunan gidan, ka yi alama da alli. Da asuba in ka tarar ruwan ya sauka, to akwai inda yake yoyo. Ni da na yi haka, ashe tankin masai ne ke zuba a hankali, robar ciki ta cinye. 'Yar roba ce da na saya a Ƙofar Ruwa, amma wata uku tana sha min ruwa.

Rashin ƙarfin kuwa, kwance kan famfon ka duba 'yar ragar bakinsa. Ruwan burtsatse yana zuwa da yashi, shi ke toshe ta. Tankin ma a wanke shi bayan hunturu, za ka ga laka kwance a gindinsa.

Bututun roba da ke waje ka rufe shi, ranar Kano tana gasa shi har ya tsage. Kwata kuma a yashe ta kafin ruwan Agusta, kuma a hana yara zuba ragowar miya mai maiƙo a wurin wanke-wanke.