Fentin sabuwar mota ya fara ɓarewa: me doka ta tanadar wa mai saye?

Tambaya: Barista, na sayi sabuwar mota dal a hannun wani dila a nan Gombe, yau mako bakwai ke nan. Fentin rufi ya fara ɓarewa, ƙofar baya ta dama kuma idan rana ta haska sai ka ga launinta ya bambanta da sauran jikin. Dila ya ce in kawo mai fentinsu ya fesa, ya kuma nuna mini inda aka rubuta a rasit cewa kayan da aka saya ba a dawowa da shi. Ina mafita?

Amsa: Alhaji, kafin komai, kada ka bari mai fenti ko fanabita ya taɓa motar nan tukuna, ko da kyauta ne. Fentin da ke ɓarewa shi ne hujjarka. Ranar da aka kankare shi aka fesa wani, hujjar ta tafi, sai dai ka ce, dila ya ce.

Dokar kare masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, tana tare da kai. Sashe na 131 ya ba mai saye haƙƙin samun kaya mai inganci, marar aibi, wanda zai yi ƙarko gwargwadon abin da aka saba gani a irinsa. Sashe na 132 ya ce cikin wata uku da karɓar kaya, idan ya gaza wannan sharaɗi, kana iya mayar wa wanda ya sayar maka ba tare da an ci ka tara ba, ɗawainiyar mayarwar kuma a kansa take. Shi kuwa dole ya gyara, ko ya musanya, ko ya dawo da kuɗi. Mako bakwai sun riga sun tafi, saboda haka kada “dawo gobe, manaja ya yi tafiya” ta cinye maka sauran. Rubutun da ke jikin rasit bai isa ya kashe haƙƙin da doka ta ba ka ba, domin dokar nan ta hana ɗan kasuwa gindaya sharaɗin da zai raba mai saye da haƙƙinsa. Ta kuma ɗora wa mai sayarwa nauyin tabbatar da cewa kayansa ba shi da aibi idan aka yi zargi.

Duk da haka kada ka dogara da wannan kaɗai, domin na san amsar da za a ba ka: ranar Gombe ce, ƙurar hunturu ce, mai wankin mota ne. Nan ne sanin yadda ake fentin mota zai yi maka rana. A masana'anta ana wanke ƙarfen, a tsoma gangar jikin gaba ɗaya cikin ruwan maganin tsatsa da ake manna shi da lantarki, sannan a bi da shimfiɗar ƙasa, sai launi, sai shimfiɗar ƙarshe mai sheƙi wadda ba ta da launi. Ana gasa fentin a zafin da ya kai wajen digiri 140, tun kafin a saka waya, roba ko kujeru. Babu garejin da zai iya maimaita wannan a motar da aka gama haɗawa; garejin da ke da ɗakin gasa fenti ma wajen digiri 60 yake tsayawa. Shi ya sa fesawar gareji, komai kyanta, ba ta zama daidai da abin da ka biya kuɗinsa ba, kuma duk wanda ya zo sayen motar a hannunka gobe sai ya rage maka kuɗi a kanta.

Shimfiɗar sama da ta fara ɓarewa cikin mako bakwai alama ce ta cewa ba ta kama ta ƙasanta ba tun farko, ko don datti ko maiƙo a jikin, ko don gashin bai yi daidai ba. Rana takan yi irin wannan ɓarna, amma bayan shekaru. Tsakuwar hanya, kashin tsuntsu da ƙaron itace kuwa kowanne da irin tabonsa, kuma yawancin takardun garanti sun cire su. Ƙurji-ƙurjin fatar lemo da ake gani idan an kalli fenti a karkace ba abin kai ƙara ba ne idan kaɗan ne, kusan kowace sabuwar mota tana da shi. Haka ɗan bambancin launi tsakanin bamba da jiki, tunda bamba roba ce kuma galibi daban ake fesa ta.

Ƙofar ce ta fi damuna. Ƙofar ƙarfe guda ɗaya da ta fita daban tana nuna mai yiwuwa motar ta samu bugu a tirela ko a wurin ajiya, aka gyara aka yi shiru. Nemi gwani da ba shi da alaƙa da dilan, mai na'urar auna kaurin fenti. Kaurin fentin masana'anta yakan kama tsakanin maikiron 100 zuwa 180 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), kuma kusan ɗaya yake a ko'ina. Idan sauran jiki na nuna 120, ƙofar ta nuna 300, an sake fesa ta. Idan ta doshi 1,000, akwai fila a ƙasa, wato abin da ake cike lotsawar ƙarfe da shi kafin fenti. A ɗaga robar bakin gilas a duba ko feshi ya taɓa ta, a duba ƙusoshin ƙofa ko an taɓa kwance su. Gwanin ya rubuta rahoto da kwanan wata, da lambar casis mai haruffa da lambobi 17, da awon kowane ɓangare, ya sa hannu. Idan ta tabbata an gyara aka ɓoye, magana ta wuce kuskuren masana'anta, ta zama sayar da kaya da bayanin ƙarya, kuma dokar nan ta haramta hakan.

Da rahoto a hannu, sai a rubuta wa dila wasiƙa, a haɗa hotunan da aka ɗauka da rana, da rasit, da takardar garanti. A faɗi abin da kake nema ƙarara, a ba shi wa'adi, misali kwana 14, ya kuma sa hannu a kwafinka. Kiran waya ba ya zama shaida yadda takarda take zama. Idan dilan wakilin kamfanin ne, a aika kwafi ga kamfanin. Idan kuwa shi ya shigo da motar da kansa, garantin masu ƙerawa na iya ƙin aiki a Najeriya, amma wannan bai sauke masa nasa nauyin ba, tunda shi ya karɓi kuɗinka.

Gaskiyar da ba kowa ke son ji ba ita ce, dokar ta jera gyara, musanya da mayar da kuɗi ne, ba ta ce lallai sai kuɗi ba. A kan ɗan tabo guda, gyara zai wadatar. A kan rufin da ke ɓarewa da ƙofar da aka ɓoye gyaranta, kana da ƙarfin neman musanya ko kuɗinka. In ka zaɓi sulhu, wato gyara haɗe da rangwame, a rubuta wurin da za a yi aikin, da garantin fentin, da adadin kuɗin da za a dawo maka, kafin ka miƙa makulli.

Ka kuma rage hawan motar. Dokar cinikin kaya ta 1893 da muka gada daga Ingila tana ɗaukar wanda ya riƙe kaya ya daɗe bai yi magana ba a matsayin ya karɓa. A fiƙihun Malikiyya ma, mai saye yana da zaɓin mayar da kaya saboda aibin da ya riga ciniki, amma ci gaba da amfani da shi bayan an ga aibin yakan zama alamar yarda.

Idan wa'adi ya cika bai amsa ba, kai koke ga FCCPC ta shafinta na intanet, ko ka shigar da ƙara a babbar kotun jiha ka nemi kuɗinka da diyyar asarar da ka yi. Kada ka kai shi ofishin 'yan sanda don a matsa masa. Rikicin ciniki ne, kuma tsare mutum a kansa na iya sa shi ya juyo ya yi ƙararka kan tauye masa haƙƙi.