Amsa ga mai neman inda ake wanke hoto babba a Jidda

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ji ƙan Baba, ya sa aljanna ce makomarsa. Ka ce kana da hotuna biyu da kake so a wanke maka su mita ɗaya da rabi a tsawo, mita ɗaya a faɗi: na Masallacin Annabi da ka ɗauka da waya, da tsohon hoton Baba na kati wanda za ka tafi da shi Kano. Ka kuma tambayi shagon da ya dace a nan Jidda. Shago ba zai yi wuyar samu ba. Abin da ke ɓata irin wannan aiki shi ne fayil ɗin da aka kai da irin injin da aka buga da shi, don haka da su zan fara.

Buɗe hoton a wayarka ka duba bayanansa, za ka ga lambobi biyu, misali 4032 × 3024. Adadin fiksel ke nan, wato ƙwayoyin da suka haɗu suka zama hoton. Hoton da za a rataye a falo, a riƙa kallonsa daga nisan mita ɗaya zuwa biyu, yana son fiksel kamar 40 a kowane santimita. Girman da kake so, 150 × 100, yana neman 6000 × 4000, irin abin da kyamara mai megafiksel 24, wato fiksel miliyan 24, take fitarwa. Waya mai megafiksel 12 tana ba da 27 kacal a santimita idan aka ja hoton zuwa 150. Daga ƙofar falo zai yi kyau, amma wanda ya matso ya tsaya gabansa zai ga gefen hasumiya da rubutun bango sun yi dishi-dishi. Girman da ya fi dacewa da irin wannan fayil shi ne 100 × 75. In kuma wayar tana da megafiksel 48 ko 50, kuma da cikakken ƙarfinta ka ɗauka, to ka wuce wannan matsalar. Sai dai ka duba da kyau, domin yawancin wayoyin nan suna ajiye hoto a ƙaramin girma sai mutum ya kunna babban da kansa.

Kada ka yarda da masu cewa dole sai "300", wato fiksel 300 a kowane inci. Wannan ma'auni na hoton da ake riƙewa a hannu ne, ido na kusa da shi. Babban hoto ba ya buƙatar haka.

Akwai kuma batun siffa. Hoton waya 4 da 3 ne, shi kuwa 150 × 100 siffar 3 da 2 ce. In aka cika tsawon 150, faɗin zai kai 112 da rabi, ke nan sai an yanke santimita 12 da rabi. Kai za ka zaɓi inda za a yanke, sama ko ƙasa, tun daga gida. In ka bar wa mai shago, ko dai ya sare kan hasumiya, ko ya ja hoton da ƙarfi ya cika wurin, ƙubba ta fito a baje kamar an danne ta. In ba ka son a yanke komai, ka nemi 133 × 100.

Kada ka tura hoton ta WhatsApp a matsayin hoto. Manhajar tana matse shi zuwa kusan fiksel 1600 a dogon gefe, wato 11 a santimita a girman da kake so, kuma a nan ne hoto yake fashewa ya zama tubali-tubali. Tura shi a matsayin fayil na takarda, wato Document, ko ta imel, ko ka sa a filashi ka kai da hannunka. In iPhone ce kuma fayil ɗin HEIC ne, a juya shi zuwa JPEG mafi inganci ko TIFF, domin ba kowace kwamfutar shago ke buɗe shi daidai ba. Hoton da wani ya turo maka ko wanda ka sauke daga Facebook ya riga ya matsu, sai dai a nemo asalin daga wayar da ta ɗauka.

Yanzu shaguna. Iri uku ne, kuma alamar ƙofarsu ba ta faɗin bambancin. Na farko sutudiyon unguwa mai hoton fasfo da iƙama, wato katin izinin zama. Injinsa galibi ba ya wuce faɗin santimita 30, in ya karɓi babban aiki wani wuri zai kai, ya ɗora nasa kuɗin a kai. Na biyu shagunan talla, waɗanda za ka ga an rubuta musu دعاية وإعلان. Su ne suka fi yawa, kuma su za a fara nuna maka. Babban injinsu mai faɗin mita 3.2 na fileks ne, ledar allon talla, da tawadar solbent kala huɗu mai warin fetur. An yi shi ne don abin da za a kalla daga tsallaken titi. Fuskar mutum a kan fileks tana fitowa da ɗigo-ɗigo, fata ta koma ja ko toka-toka, kuma warin yana daɗewa a ɗakin da ke rufe da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Don Allah kada a buga hoton Baba a kan fileks, komai arharsa. Wasu daga cikin shagunan nan suna da inji na biyu a ciki, na latex ko na tawadar da suke kira iko-solbent. Wannan yana yin kanbas mai kyau, wato bugu a kan ƙyalle mai kauri, ya isa ga hoton masallaci. Na uku su ne masu aikin hoto zalla, da injuna irin Epson SureColor P, Canon imagePROGRAF PRO ko HP DesignJet Z, masu tawadar figment kala takwas zuwa goma sha biyu. Su ne ke fitar da launin fata da inuwar baƙi yadda ya kamata, kuma tawadarsu ta fi jure haske ba tare da ta koɗe ba. A Google Maps ka rubuta طباعة صور مقاسات كبيرة ko طباعة لوحات كانفس, wato buga manyan hotuna ko buga kanbas, sannan ka duba hotunan da kwastomomi suka saka, ba na mai shagon ba.

Kafin ka tashi mota, kira ka yi tambaya uku: wane inji ne, sunansa da lambarsa, tawadar figment ce ko ta solbent, faɗin nadin takardarsu nawa ne. Wanda ya kasa faɗa maka sunan injinsa, da wuya a wurinsa ake bugawa. Batun faɗi kuma yana da muhimmanci ga girman da ka zaɓa. Nadi mai inci 44 santimita 112 ne. In takarda ce, faɗin 100 ya shiga. In kanbas ne da za a ja a kan katako, ana buƙatar ƙarin santimita 5 zuwa 7 a kowane gefe don naɗewa ta baya, ke nan da katako mai kaurin santimita 4 aikin ya fi ƙarfin inci 44, sai mai inci 60, wato santimita 152.

Da ka je, nemi gwaji. Wannan shi ne matakin da bai kamata a tsallake ba. Ba ƙaramin kwafin hoton gaba ɗaya ake nufi ba. A buɗe hoton a ainihin girmansa na 150 × 100, a yanko wani yanki kamar tafin hannu biyu, a buga shi a kan takardar da za a yi aikin da ita. A hoton Baba a zaɓi ido da gemu. A na masallaci a zaɓi inda koriyar ƙubba ta haɗu da sama. Fita da gwajin bakin ƙofa ka gan shi a hasken rana, sannan ka manna shi a bango ka ja baya taku uku. Duba sama da kyau: in ka ga siraran layuka a kwance kamar an ja tsintsiya, wasu ƙofofin tawadar injin sun toshe, sai an wanke kan kafin a buga naka. Duba wuraren duhu: allon waya yana fitar da haske daga bayansa, takarda kuwa ba ta yi, shi ya sa kusan kullum bugu yake fitowa da duhu fiye da yadda mutum ya saba gani. In hoton na bayan magariba ne, sai an ɗan ɗaga hasken inuwa, in ba haka ba ginshiƙai da mutanen harabar za su haɗe su zama baƙi ɗaya. Ka bar fayil ɗin a tsarin launi na RGB yadda waya ko sikana ta ba da shi. Kada wani ya juya maka shi zuwa CMYK, tsarin tawada kala huɗu, koren ƙubba da shuɗin sama ne ke fara mutuwa. Ko da sun ce sai ka biya kuɗin gwajin, biya.

Hoton Baba shi ya fi buƙatar natsuwa. Katin 10 × 15 in aka mai da shi 100 × 150 an ninka shi sau goma ta kowane gefe, kuma kati ba ya ɗauke da bayanin da zai kai haka komai ƙarfin sikana. Kada a ɗauke shi da waya, fitila za ta haska a kai kuma gefuna su karkace. A goge ƙura da busasshen ƙyalle mai laushi, a sa a sikana a lamba 1200, wato fiksel 1200 a kowane inci, a ajiye shi TIFF, da kala ko da hoton baƙi da fari ne, don mai gyara ya fi samun abin kamawa wajen cire tabo. In katin ya manne da gilashin tsohon firem, kada a ɓamɓare shi, fuskar za ta biyo gilashin. A yi sikanin ta cikin gilashin haka nan. In akwai baƙin fim ɗinsa a wata jaka a gida, shi ya fi katin nesa ba kusa ba.

Za su ce maka akwai manhajar da ke ƙara girman hoto ta gyara fuska. Tana da amfani ga gini da sama da tufafi, amma a fuska ƙirƙira take yi. Tana sake zana ido da haƙora, tana ɗaukar tsagar gado a kumatu a matsayin tabo ta shafe ta, tana dagula aikin hula da na wuyan babbar riga. Sakamakon yakan fito fes, amma 'ya'yan mamaci su duba su ce wannan ba Baba ba ne. In za a yi amfani da ita, a rage ƙarfinta, a ajiye katin asali a gefe ana kwatantawa, kuma wani daga cikin 'yan gida ya gani kafin a buga. Shawarata ita ce a tsaya a 50 × 75 ko 60 × 90, a kewaye shi da farin kwali mai faɗi a cikin firem. Zai cika bango, fuskar kuma ta zauna yadda aka san ta. Kanbas ma yana taimakawa a nan, domin saƙarsa tana ɓoye laushin tsohon hoto. In takarda kake so, ɗauki mai rabin sheƙi ta giram 240 zuwa 260. Mai sheƙi sosai a wannan girman madubi take zama, fitilar falo kawai za a riƙa gani.

Wajen ɗaurawa, ka tuna danshin Jidda. Allon soso mai fuskar kwali yana lanƙwashewa a irin wannan girman. Foreks, wato allon roba, mai kaurin milimita 5 ya fi shi, allon alminiyom mai milimita 3 ya fi duka tsayawa a miƙe. Katakon kanbas da ya wuce mita ɗaya sai da sanda a tsakiya, in ba haka ba zai murɗe. Gilashi mai milimita 3 a girman 150 × 100 ya haura kilo 11 shi kaɗai, akirilik kuwa, gilashin roba, kusan rabin haka ne kuma ba ya tarwatsewa in ya faɗo, abin lura a gidan da ke da yara. A bar bugun ya sha iska kwana ɗaya kafin a rufe shi, kuma kada gilashi ya taɓa fuskar takardar. A rataye da ƙusa biyu masu fisha, robar da ake cusawa a ramin bango, nesa da bakin mukayyif da tagar da rana ke shigowa.

Wanda za ka kai Kano kada a ɗaura shi a nan. A naɗe shi da takarda mai santsi a tsakani, kanbas fuskarsa na waje don kada fentin ya tsage, a zura a bututun kwali mai kauri ko fayif ɗin ruwa na inci 4 mai murfi biyu. Yawancin jirage suna ƙayyade jaka da santimita 158 in an haɗa tsawo da faɗi da tudu, bututu mai tsawon 120 ya shiga cikin wannan, amma ka tabbatar da kamfanin da za ka bi. Kada ka bar shi a bayan mota da rana. A Kano masu firem za su ja shi a katako cikin sauƙi, kuma ka tafi da fayil ɗin a filashi saboda 'yan uwa za su nemi nasu.

Kuɗin bugu da mita murabba'i ake lissafa shi, naka mita ɗaya da rabi ne, ɗauri da firem kuma daban. Tambayi ko farashin ya haɗa da harajin kashi 15. Ka ba da kafin alƙalami kawai, a rubuta a fatura, wato rasit, girman da irin takardar da sunan injin, sauran kuɗin sai ka ga aiki. Ka guji makon da ke gaban 23 ga Satumba da 22 ga Fabrairu, ranakun bikin ƙasa na Saudiyya, da kuma gab da aikin hajji, lokacin injuna na cike da aikin tutoci da allunan kamfanoni, ƙaramin aiki a gurguje ake yin sa. In akwai mata a wani hoton da za ka kai nan gaba, nemi sutudiyo mai sashen mata, kuma ka tsaya a goge fayil ɗin daga kwamfutarsu a gabanka.

Turo lambobin fiksel na hoton masallacin da girman katin Baba a santimita, sai a lissafa maka iyakar girman da kowannensu zai ɗauka kafin ka je shago.