Me ya sauko da fam daga kusan dala 5 zuwa ƙasa da dala 2?

Ka tambayi abin da ya rage wa fam ɗin Ingila daraja a kan dalar Amurka, da kuma farashin da za ka ɗauka don lissafin wani tsohon bashi.

Abin ba dare ɗaya ya faru ba. A 1925 fam ɗaya dala 4.86 ne. Yaƙin Duniya na Biyu ya bar Birtaniya da bashi iya wuya, sai gwamnati ta karya darajar fam a 1949, daga dala 4.03 zuwa 2.80, ta sake a 1967 zuwa 2.40. A wancan zamani hukuma ce ke yanka farashi. Da Shugaba Nixon na Amurka ya dakatar da musayar dala da zinare a 1971, aka sakar wa kasuwa fam a 1972, daga nan ya shiga hawa da sauka: wajen dala 1.05 a 1985, lokacin da tsadar kuɗin ruwa ta janye masu jari zuwa Amurka, sama da dala 2 a 2007, sai faɗuwar 2016 bayan ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne ɗaukar matsakaicin farashin shekara alhali na ranar cinikin ake bukata. Sannan canji daban, hauhawar farashi daban. Dalar 1949 ba ta yau ba ce. Ka kuma lura, kafin 1971 fam ɗaya kwabo 240 ne, ba 100 ba.

Babban Bankin Ingila na adana tsofaffin alƙaluman canji. In maganar ta shafi gado ko kotu, ka nemi akanta ko lauya.