Na aika imel bai dawo ba, su kuma sun ce bai zo ba

Tambaya:

Assalamu alaikum Injiniya. Ina da ƙaramin kamfani na sayar da kayan ofis a Gusau. Wata ƙungiya ta nemi a aika mata takardar farashi ta imel kafin ƙarfe 4 na yammacin wata Juma'a. Tun ranar Laraba na aika daga adireshin kamfaninmu, yana nan cikin Sent, kuma babu wani saƙon Mailer-Daemon da ya dawo min. Da aka fitar da sunaye ban ga namu ba, na kira, suka ce su sam ba su ga saƙona ba. Yaron da ke kula mana da kwamfuta ya rantse cewa muddin saƙo bai dawo ba to ya shiga, ƙarya kawai suke yi don sun riga sun ba nasu. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na fara rubuta takardar ƙorafi a kan jami'in da ke karɓar saƙonnin, amma ina tsoron ɗaukar alhakin mutum. Shin imel na iya ɓacewa ba a sanar da wanda ya aika ba?

Amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah Ya saka maka da wannan tsoron ɗaukar alhaki. Ajiye takardar ƙorafin nan tukuna. Imel yana ɓacewa shiru, ko harafi ɗaya bai dawo wa mai aikawa ba, kuma kullum hakan na faruwa. Mai yiwuwa jami'in nan gaskiya ya faɗa maka, mai yiwuwa kuma ya ɓoye. Abin da ke hannunka yanzu, wato saƙo a cikin Sent da rashin Mailer-Daemon, bai isa ya raba wannan gardama ba.

Tunda kana da adireshin kamfani, ka san saƙo ba ya tashi daga wayarka ya faɗa wayar wancan kai tsaye. Uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da imel ɗinka, ita ce ke tuntuɓar tasu, su yi magana bisa ƙa'idar SMTP, wadda Jon Postel ya rubuta a 1982, aka sake sabunta ta a 2008 cikin kundin RFC 5321. Uwar garken da ke karɓa da lamba take amsawa. In ta ce 550, ta ƙi ke nan, sai taka ta juyo ta rubuto maka sanarwar nan ta Mailer-Daemon. Ka lura, yawancin sanarwar da kake gani ɓangarenka ne ke rubuta ta. In ta ce 421 ko 451, ana nufin a dawo anjima. In kuma ta ce 250, ta karɓa, nauyi ya sauka daga kan taka.

Kamar dai ka ba direba kaya a tasha ne. Ya isa Kano, ya miƙa wa maigadin gidan, maigadi ya ce an gode. Direba ya gama nasa. Ko maigadi ya shigar da kayan wurin maigida, ko ya jefa su sito don bai yarda da kamanninsu ba, ko ya kai su bola, direba bai sani ba, ba kuma zai kira ka ba.

A ƙa'ida, uwar garken da ta ce 250 sannan ta kasa isar da saƙo ya kamata ta sanar, kuma haka ake yi a da. Masu tura tarkacen saƙonni da 'yan damfara ne suka lalata wannan tsari, domin da adireshin ƙarya suke aikawa. A ce wani ya tura saƙo dubu ɗari ya ɗora adireshinka a matsayin mai aikawa. Duk wadda ta karɓa sannan ta mayar, kai za ta mayar wa, ka wayi gari akwatinka ya cika da sanarwar saƙonnin da ba ka san da su ba. Har jerin baƙin suna ake da shi na uwar garken da ke yin haka, in ta shiga kuwa, saƙonnin mutanenta na kirki ma sai su fara cin karo da ƙofa a rufe. Dalilin da ya sa masu kula da imel suka koyi yin gum ke nan. RFC 5321 ya yarda a zubar da saƙo shiru, amma da kakkausan gargaɗi: sai an tabbata ƙwarai cewa na damfara ne ko na cutarwa. Wasu na bin gargaɗin, wasu ko a jikinsu.

A irin lamarinka, abin da na fi zargi shi ne an karɓi saƙon an killace shi. Daga ƙaramin domen ya fito (domen shi ne sunan da ke bayan alamar @ a adireshi), ɗauke da fayil, ga maganar kuɗi da lambar asusu a ciki, siffar da 'yan damfara suka ɓata wa suna. In kuma yaron naka bai saita SPF da DKIM, hanyoyin tantance asalin mai aikawa, a domen ɗinku ba, to babu shaidar cewa daga gare ku saƙon yake. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsananta a kan haka. Saƙo irin wannan ko dai ya faɗa Spam, inda Gmail ke share shi bayan kwana 30, ko kuma, in ƙungiyar na amfani da Microsoft 365, ya shiga ma'ajiyar killacewa, wadda wani lokaci jami'in ma ba ya iya gani sai mai kula da tsarin ya buɗe. Mutum zai rantse da Alƙur'ani bai ga saƙo ba, kuma gaskiyarsa.

Akwai kuma kuskuren harafi. Mutane na zaton duk adireshin da aka rubuta ba daidai ba dole ya dawo. A cPanel, dandalin sarrafa imel da shafin intanet wanda ƙananan kamfanoni da ƙungiyoyi da yawa ke kai, akwai shafin Default Address, inda ake zaɓar abin da za a yi da saƙon da ya zo wa sunan da babu shi. Ana iya ƙin sa tun a ƙofa, mai aikawa ya samu sanarwa. Ana iya tara shi a wani akwati da ba mai buɗewa. Ana kuma iya zaɓar :blackhole:, wato a ce 250 sannan a share nan take. Ita kanta cPanel ta rubuta a gefen zaɓin cewa ba ta ba da shawarar sa, amma sai ka tarar wani ya danna shi don ya huta da tarkace. In kuskuren a sunan domen yake, to wani gidan daban ka kai. A Yulin 2023 jaridar Financial Times ta ba da labarin yadda saƙonnin sojojin Amurka suka shafe shekaru suna kwarara zuwa Mali, saboda ana rubuta .ml maimakon .mil. Johannes Zuurbier, ɗan ƙasar Holan da ke kula da domen ɗin Mali a lokacin, ya tara kusan saƙo 117,000 daga watan Janairu na shekarar kawai, har da bayanan lafiya da na tafiye-tafiyen manyan hafsoshi. Harafi ɗaya tak ya jawo wannan.

Wani lokaci kuma an rubuta sanarwar, kai ne ba ta iske ba. Ba adireshin da ke layin From ake mayar wa ba, ana mayarwa ne ga wanda ke Return-Path, kuma in ta wata manhajar lissafi ko shafin kamfani aka aika, sau da yawa wani adireshi ne can da ba wanda ya taɓa buɗewa. Ita sanarwar kanta babu adireshin mai aikawa a bayanta, da gangan aka bar wurin fanko don kada kwamfutoci biyu su yi ta mayar wa juna ba iyaka. Saboda haka in ta ɓace, ta ɓace ke nan, ba a sanar da ɓatan sanarwa. Duba Spam ɗinka, ka rubuta Mailer-Daemon ko postmaster a wurin bincike. Kuma ka sani, in aka ce a dawo anjima, ƙa'ida ta ce a yi ta gwadawa kwana 4 zuwa 5 kafin a haƙura. Postfix, ɗaya daga cikin manhajojin da ke tafiyar da uwar garken imel, kwana 5 yake yi, kuma a saitinsa na asali ba ya gaya maka cewa saƙo ya maƙale. Wanda ya aika Laraba, Juma'a na iya wucewa saƙonsa na kan layi shi yana barci da minshari.

Yanzu bari in koma kan maganar yaron nan, don ita ta fi damu na. "In bai dawo ba, ya shiga." Kusan kullum sai na ji ta, a shagon kafe, a ofis, har daga bakin masu digiri a ilimin kwamfuta. WhatsApp ne ya saba mana: alama ɗaya ya tafi, biyu ya isa, shuɗi an karanta. Can kamfani ɗaya ne ke riƙe da kai da wanda kake wa magana, yana ganin ƙarshen hanya. Imel kuwa dubban kamfanoni ne, kowa da gidansa da dokarsa, ba mai leƙa cikin na wani. Sent ba ya nufin komai face uwar garkenka ta karɓa daga hannunka. Matakin farko ke nan kawai.

Ɓarnar wannan magana ba ƙarama ba ce. Ɗalibi ya aika takardun neman tallafin karatu, ya ga bai dawo ba, ya naɗe hannu yana jira har wa'adi ya wuce. Matashi ya nemi aiki, shiru, ya yanke cewa sai mai uwa a gindin murhu, alhali takardarsa na kwance a Spam. Ɗan kasuwa ya aika takardar neman biya, wata biyu ba kuɗi, ya fara yawo da sunan abokin hulɗarsa cewa macuci ne. Ga ka nan kai ma, saura ƙiris ka rubuta sunan wani bawan Allah a takardar da za ta iya raba shi da abincinsa, a kan rantsuwar yaron da bai buɗe rajistar shige da ficen saƙonni ko ɗaya ya duba ba. Me ya gani da ya rantse? Da ya ce ban sani ba, bari in bincika, da ya fi masa mutunci. Amma a wurinmu mai gyaran kwamfuta gani yake faɗin ban sani ba faɗuwa ce, sai ya ce matsalar netwok ce ko ya ce ƙarya ake maka, ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Sai masu sayar maka da manhajar da wai za ta nuna an buɗe saƙonka. Ɗan ƙaramin hoto suke ɓoyewa a ciki, in aka sauke hoton sai su ce an karanta. Tun 2021 manhajar Mail ta Apple ke iya sauke hotunan da kanta ko mutum bai buɗe ba, na'urorin tace saƙo na kamfanoni ma kan buɗe don su duba. Wani kuma ya toshe hotuna, ya karanta tsaf, manhajar ta ce bai buɗe ba. Ita ma buƙatar shaidar karantawa da Outlook ke bari ka saka, mai karɓa na da ikon ƙin amsawa. Kada ka kai irin wannan shaida gaban kowa.

Su ma ofisoshin ban wanke su ba. Ka buga sanarwa ka ce a aiko ta imel, ka sa wa'adi, amma ka kasa saita amsa ta atomatik mai cewa mun karɓa, aikin da bai kai minti goma ba. Akwati ɗaya, kalmar sirri a hannun mutum ɗaya, in ya tafi hutu ko aka canza masa wurin aiki shi ke nan. Ba wanda ke leƙa Spam kafin a rufe karɓa. Wanda ya ce a aiko masa, amana ya ɗauka, kuma abincin mutane ne ke cikin akwatin nan. In ba za ku iya kula da shi ba, ku ce a kawo da hannu a buga hatimi.

Abin da za ka yi, kuma ka yi shi yau don rajista ba ta daɗewa ake share ta: sa yaron ya buɗe cPanel a gabanka, ya shiga Track Delivery, ya rubuta adireshin ƙungiyar. Za ka ga ranar, da lokacin, da ko an karɓa, an ƙi, ko an jinkirta. In a Google Workspace kuke, Email Log Search ake dubawa. Ka karanta adireshin da ka aika wa harafi bayan harafi, ka gwada shi da na sanarwarsu. In rajista ta nuna ba a taɓa karɓa ba, to mai yiwuwa matsalar daga gidanku take, a duba SPF da DKIM da ɗan'uwansu DMARC kafin a sake aika wa kowa. In ta nuna tasu ta ce 250, to kana da hujjar cewa saƙo ya isa ƙofarsu kafin wa'adi, amma ba hujjar cewa jami'in ya gani ba. Sai ka ɗauki hoton wannan layi, ka ciro lambar Message-ID, wato lambar shaidar saƙon, daga kansa, ka rubuta musu cikin ladabi kana roƙon mai kula da imel ɗinsu ya bi sawunsa. A Microsoft 365 akwai Message trace, zai nuna musu ko Inbox ya shiga, ko Spam, ko an killace shi. Ka nemi su duba takardar farashinka bisa lokacin da uwar garkensu ta karɓa.

Gaba kuma, duk saƙon da kuɗi ko wa'adi ke rataye da shi, ka rubuta a ƙarshensa cewa don Allah a amsa in an gani. In awa 24 ta wuce ba amsa, ka ɗaga waya ka kira, ka sa a buɗe akwatin kana kan layi, a karanto maka sunan fayil ɗin da ka haɗa.