Hukuncin tura labarin makirci da ba a san tushensa ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan gwari ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuma ni ke kula da zauren WhatsApp na 'yan uwanmu. Kullum sai an turo bidiyo cewa ana ƙulla wa Arewa ko Musulmi wani makirci. Wasu sun ce daga ƙasashen waje ake shirya su. Idan na tura na rubuta "yadda na samu", da laifi a kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam. Da laifi, ɗan'uwa, kuma rubutun nan ba ya wanke ka. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Aya ta 6 a Suratul Hujurat kuma ta ce a bincika idan fasiƙi ya zo da labari. Fasiƙi ma an san fuskarsa. Muryar da ke cikin bidiyo, ba suna ba gari, majhuli ce, wato ba a san mai ita ba, malaman hadisi kuwa ba sa kafa hujja da ruwayar majhuli.

Batun hannun waje ba zato ba ne. A Mayun 2019 Facebook ya rufe shafukan bogi na wani kamfanin Isra'ila, Archimedes Group, da ke tsoma baki a siyasar Najeriya da wasu ƙasashen Afirka. A Maris 2020 ya rufe wasu da ake gudanarwa daga Ghana da Najeriya a madadin 'yan Rasha. A Disamban shekarar ya kama na Rasha da na mutane masu alaƙa da sojin Faransa suna yaƙar juna a kan Afirka. Saboda haka kar wani ya ce maka ɓangare ɗaya ne mai tsarki.

Abin da ke rikita mutanenmu shi ne masu shirya irin waɗannan labarai ba sa zuwa da ƙarya zalla. Miki na gaskiya suke sosawa: tsadar rayuwa, kashe-kashe, ko gwajin maganin Trovan da Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996, wanda ya faru tabbas. A kansa suke ɗora tasu. Haka hadisin Bukhari ya siffanta boka: kalma ɗaya ta gaskiya, ya cakuɗa ta da ƙarya ɗari.

Hukunci dai: haramun ne tura abin da ba ka tabbatar ba idan yana zargin mutane ko zai iya tada fitina. Zunubin ya fi nauyi a nan Legas, inda rumfarka ke jingine da ta Bayerabe. Ba ku manta rikicin Mile 12 na Maris 2016 ba. Wannan bai hana ka sukar gwamnati ko Turawa ba, in kana da hujja.

Kai da ke riƙe da zaure, makiyayi ne, za a tambaye ka. Ka goge, ka yi wa mai turowa nasiha a keɓe, in ya ƙi ji ka fitar da shi. Abin da ka riga ka tura a baya, ka koma zauren ka warware shi, sannan ka yi istigfari.

Wallahu a'alam.