Dakatar da lasin tuƙi: a fara duba wa'adi

Malam, ka ce an dakatar da lasinka kuma kana son zuwa kotu. Fara duba takardar da aka ba ka, akwai wa'adin ɗaukaka ƙara a jiki, galibi 'yan kwanaki ne. Idan ya wuce, da wuya alƙali ya saurare ka. Sannan wa ya dakatar? In hukumar lasin ce, a wurare da yawa sai ka fara kai kuka gabanta kafin kotu. Shigar da ƙara ba ya ɗage dakatarwar, sai lauyanka ya roƙi hakan daban. Don Allah kada ka taɓa sitiyari kafin a ɗage dakatarwar, yin hakan laifi ne sabo. Ka tafi da rasit ɗin biyan tara, in akwai, da takardar wurin aikinka.