Wa zai tafi da masta?

Ka ce wani Bature ya ga bidiyon da kuka ɗora kuna kiɗa a gidan buki, ya rubuto maka ta WhatsApp yana so ya zo Yamai ya ɗauki waƙoƙinku, ya kai wa wani kamfanin faifan rok na ƙasarsu. Tambayarka ita ce wace jita za ka saya da wane amfuli, wato na'urar ƙara sauti, za ka ara don sautinka ya fito irin na Mdou Moctar, makaɗin jitar nan na Nijar. Ɗana, duk tsawon saƙon nan naka ban ga inda ka tambayi abin da ya kamata ba. In an gama ɗauka, wa zai tafi da masta, wato ainihin ɗaukar? Sunan wa za a rubuta a ƙarƙashin kowace waƙa?

Zancen jita ba zan ɓata bakina a kansa ba. Wanda bai iya daidaita tsirkiya da kunnensa ba, ko bai san ana sa sababbi kafin shiga situdiyo ba, ba shi da abin nema a wannan sana'a. Mdou ɗin da kake kira, jitarsa ta fari da kansa ya harhaɗa ta da katako da wayar birkin keke. A Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008, suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta bulutut da katin memori, babu kamfani babu talla. Daga cikin wayoyin mutane Christopher Kirkley na kamfanin faifai na Sahel Sounds ya ji ɗaya, ya sa ta a faifan da ya fitar a 2011, ya bi sawu har ya gano mai ita. Faifan Mdou na farko da Matador, babban kamfanin rok na Amurka, sai a 2021 ya fito. Lissafa da kanka, shekara 13 ke nan. 'Yan ƙungiyar Etran de L'Aïr sun fara kiɗan buki a Agadas tun 1995, faifansu bai fita waje ba sai 2018. Bombino, shi ma makaɗin jita na Nijar, sai da ya yi gudun hijira har sau biyu, aka kashe abokan kiɗansa a tawayen 2007, kafin makaɗin Amurka Dan Auerbach ya kai shi situdiyo a Nashville suka fitar da faifan 2013. Ku kuma yaran yanzu, mutum ya yi wata shida da jita, mutum dubu sun danna masa hannu a TikTok, sai ya fara tambayar yadda ake neman biza. Har na ga masu naɗa rawanin da ba su iya naɗawa ba, don an ce musu haka Turawa ke son gani a hoto.

Amma ba wannan ya sa na zauna ba ka amsa ba. Saƙon naka ya tayar mini da wani abu da har yau in na tuna ba na iya cin abinci.

A farkon 1994 aka karya darajar sefa, ta faɗi da rabi a dare ɗaya. Mu da komai namu daga waje yake zuwa, tsirkiya, waya, fatar ganga, sifika, sai muka wayi gari kuɗinsu ya ninka, kuɗin buki kuwa yana nan inda yake. Mun kai ga tafasa tsofaffin tsirkiyoyin bas a ruwan zafi don su sake yin sauti. A cikin wannan hali wani ɗan garinmu, mutumin da muke sallah sahu ɗaya da shi, ya kawo mana baƙo daga Turai. Baƙon ya zo da ƙaramar na'urar ɗauka irin ta DAT da makirufo masu kyau waɗanda ba mu taɓa ganin irinsu ba. Ya san aikinsa, wannan ba zan hana shi ba. Ya shimfiɗa barguna a bangon ɗaki, ya raba mai ganga da mu, ya sa mu maimaita har sai da komai ya zauna. Da ya kunna mana abin da ya ɗauka, mai bas ɗinmu hawaye ya yi, don bai taɓa jin kansa da tsabta haka ba.

Cikin waƙoƙin akwai wadda na yi wa mahaifina. A farin 1984 dabbobinsa suka ƙare a kan idonsa, ya shigo gari ya zama mai gadi, bai sake zama mutumin da na sani ba har ya bar duniya. Ni na tsara baitocinta, ni na samo karinta, ni na ƙirƙiro zagayen jitar da ke buɗe ta. Babu kakan da ya bar mini ita, babu makaɗin da na ji ta a bakinsa.

Ranar da zai tafi ya ƙirga mana kuɗi a kan tabarma. In ka haɗa su duka ba su kai kuɗin tsohon babur ba, amma a wannan lokacin mun ga girmansu. Sai ya fito da takarda mai shafi uku. Ni na yi lakwal, ina karanta Faransanci, da da shi aka rubuta da babu mai rufe mini ido. Da Ingilishi aka rubuta ta. Na dubi ɗan garin namu na ce mene ne wannan? Ya ce rasidi ne kawai, shaidar mun karɓi kuɗin wahalarmu, in faifai ya fito za a zo a yi takardar gaskiya a raba riba. Na ce ka tabbata? Ya ce wallahi tallahi. Musulmi ya rantse mini da Allah a gaban jama'a, na sa hannu, sauran suka sa. Na nemi a bar mana kwafin takardar, aka ce guda ɗaya ce, za a aiko. Na nemi a juye mana ɗaukar ko a kaset ne, aka ce babu lokaci, jirgi zai tashi.

Shiru, shiru. Wasiƙun da na aika babu wadda aka amsa. Shekaru suka shuɗe, sai wani ɗalibi da ya dawo daga karatu ya zo mini da faifan CD da ya saya a can, ya ce Maigida, wannan ba muryarka ba ce? A bangon faifan raƙumi ne da tudun rairayi, mu da aka ɗauka a tsakiyar Yamai. Babu fuskar ko ɗayanmu. Na buɗe 'yar takardar ciki na nemi waƙar mahaifina. An rubuta wai waƙar gargajiya ce, ba a san mai ita ba, kuma baƙon nan ne ya tsara ta. Ka gane abin da aka yi? In aka ce waƙa ta gargajiya ce, babu marubucin da za a biya, kason marubuci sai ya tafi ga wanda aka ce ya tsara. Duk sanda aka sa ta a rediyo a can, ko aka ɗora ta a wani fim, shi ake aika wa kuɗi. Daga baya an gaya mini an ji ta a fim ɗin masu yawon buɗe ido.

Na tafi ofishin haƙƙin mawallafa, BNDA, da faifan a hannuna. Sun saurare ni da mutunci, suka tambaye ni abu biyu: ina kwafin yarjejeniyar, kuma na yi rajistar waƙar kafin a ɗauke ta? Babu ko ɗaya, don an tabbatar mini can za a yi mana rajista. Wani lauya ya yi mini bayani cewa shari'ar a ƙasarsu za a yi ta, kuma abin da zan kashe ya fi abin da zan karɓo. Takardar da aka ce rasidi ce, ashe sayarwa ce ta har abada, a duk faɗin duniya, da ɗaukar da waƙoƙin gaba ɗaya. Mai bas ɗinmu ya rasu yana bin bashin kuɗin magani. Wanda ya rantse mana kuwa ya gina gida, yana nan da ransa, in mun haɗu a jana'iza ya miƙo hannu. Baƙon ban riƙe shi a zuci kamar yadda na riƙe wannan ba, domin baƙo bai ci tuwon gidanmu ba.

Kada ka ɗauka don mu baƙaƙe ne a Sahara aka yi mana haka. Harkar faifan rok da haka ta tashi. Chuck Berry, wanda kusan duk mai kaɗa jitar rok ya sha daga hannunsa, da waƙarsa ta farko ta fito a Chicago a 1955 sai ya tarar an jera sunayen mutum biyu kusa da nasa a matsayin marubuta, ɗaya mai gabatar da shiri a rediyo ne. Sai a 1986 sunansa ya koma shi kaɗai. John Fogerty na ƙungiyar rok ta Creedence Clearwater Revival ya sa hannu yana saurayi, ya rasa mallakar waƙoƙin da ya rubuta da kansa, har aka kai shi kotu wai sabuwar waƙarsa ta yi kama da tsohuwarsa. A 1988 ya ɗauki jita a gaban masu shari'a ya kaɗa musu kafin ya kuɓuta. Bai samu rinjayen mallakar waƙoƙin nan ba sai a 2023, yana tsoho. Waɗannan a yarensu aka rubuta musu takardar. To ina kai?

Saboda haka buɗe kunnenka. Dukiya biyu ce a cikin kowace waƙa da aka ɗauka. Akwai waƙar kanta, baitoci da kari, wannan ta wanda ya ƙirƙira ce. Akwai kuma masta, ainihin ɗaukar da ake buga sauran daga gare ta. Kamfani na iya neman masta don shi ya biya situdiyo, wannan ana ciniki a kai. Amma ba shi da dalilin taɓa waƙar kanta, kuma duk wanda ya nemi a sa sunansa cikin marubuta don ya murɗa maɓalli, ka tashi ka bar masa wurin. Ko mastan ma, bambancin sayarwa da ba da izini kamar na sayar da gona ne da ba da ita haya. In haya ce, a rubuta shekara nawa, biyar ko bakwai, a rubuta ƙasashen da zai sayar, in wa'adi ya cika ta dawo hannunka.

Kuɗin da zai ƙirga maka ranar sa hannu kada ka ɗauke su kyauta. Kafin alƙalami ne, bashi ne a kan kasonka. Sai sun cire shi, sau da yawa har da kuɗin situdiyo da na jirgi da na biza, kafin ka sake ganin ko dala. Don haka a rubuta abin da za a cire da abin da ba za a cire ba, a rubuta kasonka cikin ɗari, a rubuta cewa duk wata shida za su aiko maka da lissafi. Kuma a rubuta faifai ɗaya ne. Akwai layin da suke sakawa mai ba su damar riƙe ka har faifai uku ko huɗu in sun ga dama, kai kuwa ba ka da damar tafiya. A nan ake ɗaure yara.

Takardar ta zo da Faransanci, ko a fassara ta. Mai fassarar kai za ka nemo shi, kai za ka biya shi, kada ya zama wanda ya kawo baƙon ko wanda zai samu wani abu in an sa hannu. A ba ka ita tun kafin ya hau jirgi, ka kwana da ita, ka kai wa lauya. Mutumin kirki ba ya jin haushin wannan, kuma akwai su, na ga waɗanda suka biya makaɗa har gida. Wanda ya ce maka sauri yake jirgi zai tashi, bar shi ya bi jirginsa. Kwafi biyu, kowa da nasa. Ranar da aka gama ɗauka a juye maka komai a naka faifan ajiya kafin ya naɗe wayoyinsa, kowace jita da layinta, ganga da nata, ba haɗaɗɗen da za ka saurara a waya ba. Yanzu da abin bai wuce minti kaɗan ba, babu uzurin da zai kawo.

Tun kafin ya iso, ka je BNDA ka yi rajistar waƙoƙinka ɗaya bayan ɗaya da sunanka. Wadda ka ɗauko daga bakin tsofaffi ka ce ta gargajiya ce, ka rubuta kanka a matsayin mai tsarawa, don kai ka tsara ta. Wadda ka ara daga waƙoƙin marigayi Abdallah Oumbadougou, kamar yadda na ji kuna yi a buki, ka faɗi mai ita. Kada ka yi wa wani abin da aka yi mini.

Ku huɗun nan ma ku zauna ku rubuta tsakaninku. Wa ya yi wace waƙa, yaya za a raba kuɗin wasa, sunan ƙungiya na wa ne in wani ya fita. Yanzu da babu ko sisi kowa ɗan'uwa ne, shi ya sa yanzu ne lokacin. Na ga ƙungiyoyin da suka jure yunwa tare, tafiya Turai guda ta watsa su. Kuma ka sani faifai ba ya ciyar da kowa a zamanin nan, abin da intanet ke biya bai taka kara ya karya ba. Amfaninsa ya buɗe maka ƙofar wasanni. 'Yan ƙungiyar Tal National kafin kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da su a 2013, awa biyar suke kaɗawa a dare, kusan kullum, a nan Yamai. Da hannun da ya saba da wannan ake shiga situdiyo a gama waƙa a ɗauka ɗaya ko biyu.

Ku ba ku kai nan ba tukuna, kuma gara ka ji daga bakina. Na kalli bidiyon. Mai gangarku gudu yake, ya fara waƙa a taki ɗaya ya ƙare ta a wani, kai kuma kana rufe kurakuranka da ƙarar amfuli. A gidan buki ƙura da guɗa suna ɓoye wannan, makirufon situdiyo ba ya ɓoye komai. Ka kawo mini mai gangar ranar Laraba bayan la'asar, ku zo ba amfuli, zan zaunar da ku a kan waƙa ɗaya har sai ta daina rawa.